Cinikin Biri a Sama

Zuwaira, ajiye wuƙar albasan nan ki ji ni,
ba zan ja zance ba.
Jiya da la'asar ɗan Mutawakilu ya miƙo mini waya,
gilashinta duk a tsage,
ya ce, Baba Tanko, duba, sun sanar da sabuwa.
Na duba. Fara ce, siririya,
tana juyi ita kaɗai a cikin duhu
kamar sarƙa a tagar shagon Adum.

Na san me za ki ce.
Cinikin biri a sama.
Ko jirgin da zai ɗauko ta bai sha mai ba,
ni kuma har na share mata wuri a kan teburi.

To amma ki tuna da tsohuwar.
Shekara bakwai tana ci da mu a Aboabo,
sidi biyar, sidi biyar,
har muka biya wa Sadiya kuɗin jarrabawa.
Yanzu in na kunna ta sai ta yi gurnani
kamar motar haya ta cika da doya tana hawan tudu.
Bayanta ya yi zafin da zai soya ƙwai.
Kafin wasa ya buɗe,
yaro ya je ya sayo ƙosai, ya cinye, ya suɗe yatsu.
Madannin hagu ya zama ɗan kansa:
ɗan wasa ya kama hanyar gefen fili ba wanda ya aike shi,
sai rigima ta kaure,
ba ni ba ne, hannun ne,
wallahi hannun ne!
Ni ne alƙali, ni ne mai maida kuɗi.

Sabuwar, in ji su, ba ta sa mutum jira.
In ji su, tana karɓar tsofaffin faya-fayai,
ashe jakar da ke ƙarƙashin gado ba ta zama shara ba.
In ji su, ba ta shan wuta sosai,
ke kuwa kin san yadda mita ke yi mana kuka tsakar dare.
In ji su, na ce.
Gani ya kori ji, ban manta ba.

Ga Bawa can Asawasi ya sa kujerun katifa,
ya rataya fanka biyu.
In ya riga ni, yaran nan ba su san amana ba,
ƙafarsu na bin inda hoto ya fi kyau.

Kin yi shiru.
Kina kallon rufin ɗaki, inda muke tara roba in hadari ya haɗo
daga wajen Kejetiya.
Kuɗin adashin na kwano ne, na sani,
ni na faɗa da bakina.

Bari in faɗi wanda na ɓoye.

Masa'udu zai saya.
Can inda yake, a ƙasar sanyi, yana wanke motocin mutane.
In na kira shi, lafiya lau, lafiya lau,
minti biyu ya ƙare.
Amma daren Asabar, bayan na kulle shago,
in muka haɗu a fili ɗaya, ni nan shi can,
sai bakinsa ya buɗe.
Yana cin raga ta yana ba ni labarin haƙorinsa,
da mai gidan da ke riƙe masa albashi,
da mafarkin Inna da ya yi.
Ƙanena ba ya iya magana sai hannunsa na aiki.
In ya koma sabuwa ya bar ni a tsohuwa,
ina zan same shi?

Shi ke nan dalilaina.
Wasu na ciki ne, ɗaya na ƙirji.

Kin ɗauki wuƙarki, kin ci gaba da yanka.
Kin ce a bari ta sauka ƙasa tukuna,
a ga wanda ta fara cizo,
a ji farashinta daga bakin mutum uku.
Kin ce kwano rabi, na'ura rabi,
in Masa'udu ya cika sauran.

Idonki ya yi ja.
Kin ce albasa ce.